Tafiyar abin jifa

tafiyar abin jifa (suna, mace, fiziks): motsin abin da aka jefa ko aka harba, wanda bayan ya bar hannu babu abin da ke sarrafa shi sai jan ƙasa, wato ƙarfin da ke ƙara masa saurin faɗuwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Idan ba a lissafa turjiyar iska ba, gudunsa na gaba ba ya canzawa, shi ya sa hanyarsa ke lanƙwasa kamar baka, siffar da Galileo ya bayyana a 1638. Dutsen da yaro ya harba da danƙo a filin Jiddari Polo, Maiduguri, ya fi cin nisa a kusurwar digiri 45, ko da yake iskar hunturu takan dagula lissafin.