Lamda a Harshen Java 8: Nazari kan Abin da Ke Wahalar da Mai Koyo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin siffofin salon fankshin da aka shigar cikin harshen Java a sigarsa ta 8, wadda ta fito a watan Maris na 2014. Manufarta ita ce gano abin da ke yi wa mai koyo tarnaƙi idan ya riga ya saba da salon abubuwa. An bi ƙa'idojin harshen, an auna su da gajerun misalai. Maƙalar ta nuna cewa tushen wahalar shi ne sabo da sauya ƙimar ma'ajiya (variable).

Gabatarwa

Lamda ta girmi kwamfutar lantarki. Masanin lissafi Alonzo Church ne ya tsara ta a shekarun 1930, sannan John McCarthy ya ɗauko ta ya sa a harshen Lisp da ya fara ƙirƙira a 1958. Java kuwa, da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, an gina ta ne a kan aji da abu. Kafin sigar 8, duk wanda ke son miƙa wani ɗan aiki ga wata metod sai ya naɗe shi cikin aji marar suna, layi biyar ko shida saboda aikin layi ɗaya. C# ta sami lamda a 2007, C++ a 2011. Java ta biyo baya da aikin JSR 335 wanda Brian Goetz na Oracle ya jagoranta.

Tattaunawa

Rubutun lamda ba ya cin lokaci. Wanda aka nuna wa x -> x * 2 zai gane cewa an karɓi lamba an ninka ta.

Tuntuɓen yana zuwa ne a wata ƙa'ida guda: lamda ba ta da ikon amfani da ma'ajiyar cikin metod sai idan ƙimarta ba ta sauyawa bayan an ba ta. A ɗauki ɗalibin da ke son tara makin jarrabawa. Ya saba ya buɗe ma'ajiya mai suna jimla da sifili, ya riƙa zagayawa da for yana ƙara mata. Da ya mayar da wannan cikin forEach da lamda, sai kamfaila ta ƙi karɓa. Ƙin yana da dalili mai ƙarfi. Lamda kwafin ƙimar take ɗauka, kuma tana iya gudana bayan metod ɗin da ta haife ta ta gama, ko a wani zaren aiki daban. Akwai wata dabara da ta yaɗu, wato a ɓoye jimlar cikin jeri mai gurbi ɗaya. Kamfaila za ta yi shiru, amma ranar da aka kira parallelStream zaruruwa da yawa za su rubuta a gurbi ɗaya a lokaci guda, amsar ta iya fitowa ba daidai ba, ba tare da wani gargaɗi ba. A ganin wannan nazari, wannan ne kuskure mafi haɗari, domin ɗalibin yana tsammanin ya koyi sabon salo alhali tsohon tunaninsa ne a cikin sabuwar riga. Hanyar da ta dace ita ce reduce ko sum, inda ake samar da sabuwar ƙima ba tare da taɓa wata ma'ajiya ta waje ba.

Stream, wato hanyar sarrafa jerin bayanai mataki-mataki, ita ma tana da nata halin. Matakai irin su filter da map ba sa yin komai sai an kira matakin ƙarshe kamar collect. Kuma sau ɗaya ake amfani da ita. Mai sake kiran wadda ta ƙare zai gamu da IllegalStateException. Wanda ya ɗauke ta tamkar List zai sha mamaki a nan.

Shawara

Jerin koyarwar ya kamata ya fara da metod wadda ba ta sauya komai a wajenta, sai intafes mai metod guda, sai lamda, sannan Stream. A bar parallelStream zuwa ƙarshe. Malami ya sa ɗalibai su rubuta misalin jimla da gangan, su karanta ƙorafin kamfaila, su bayyana dalilinsa da bakinsu. Ɗalibin da bai iya bayyana wannan ƙa'ida ba bai kai matakin Stream ba tukuna.