Yadda Ƙyalle Ya Zama Kundin Tarihin Iyalan Jamusawa a Fensilbaniya

A watan Oktoba na 1683 wani jirgin ruwa mai suna Concord ya sauke iyalai 13 a Filadalfiya. Daga garin Krefeld suka taso, kusa da kogin Rayin a ƙasar Jamus ta yau, kuma yawancinsu masaƙa ne. William Penn, wanda Sarkin Ingila ya mallaka wa yankin Fensilbaniya a 1681, shi ne ya yi musu alkawarin fili da 'yancin yin addininsu ba tsangwama. Suka kafa ƙauyen Germantown ƙarƙashin jagorancin Francis Daniel Pastorius. Da aka zo yin hatimin gari, abubuwa uku aka zana a kai: inabi, da furen tsiron lilin, da kayan saƙa.

Bayansu sai ayari ya ɓalle. Yaƙe-yaƙe da yunwa da matsin addini suka yi ta koro manoma daga kudu maso yammacin Jamus da Suwizalan. A 1710 'yan ɗariƙar Menonayit suka sauka a yankin da ya zama Lankasta, daga baya 'yan ɗariƙar Amish suka biyo sahu, sai kuma mabiya cocin Luta waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba. Lokacin ƙidayar 1790, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Fensilbaniya 'yan asalin Jamus ne.

Gidan manomi a wancan zamani shi ke tufatar da kansa. Da bazara a shuka filas, tsiron da ake samun zaren lilin a jikinsa. Idan ya nuna ba a yanka shi, tugewa ake yi har saiwa don kada zaren ya gajarce. Daga nan a shanya shi raɓa ta jiƙa shi har ɓawon ya ruɓe, kusan yadda ake yi wa rama, a daddake karan, a kakkaɓe, a taje da matajin ƙarfe. Da sanyi ya shigo aikin gona ya tsaya, mata da 'yan mata su duƙufa kan keken kaɗi. Saƙa kuwa galibi sana'ar maza ce: a kai wa masaƙin unguwa zare, a biya shi ladan aiki. Daga shuka zuwa riga a jiki sai a ci shekara. Shi ya sa idan magidanci ya rasu aka zo ƙididdige dukiyarsa, ana rubuta zannuwan gado da yadin lilin a takarda ɗaya da shanu da garma. Ko tsumma ba a yar da shi. Masana'antar takarda da William Rittenhouse ya kafa kusa da Germantown a 1690, ta farko a ƙasashen da Ingila ke mulka a Arewacin Amurka, da tsummokaran lilin take aiki.

Abin da ya yi tsada haka dole a yi masa shaida. Tun yarinya tana ƙarama ake koya mata ɗinka haruffa da jan zare ko shuɗi, ta riƙa sa harufan farko na sunanta a kusurwar zanen gado da rigar matashi. Ana tara mata waɗannan cikin akwatin katako da aka yi wa fenti, sau da yawa da sunanta da shekara a gabansa, har ranar da za ta tare. Cikin kayan ɗakin akwai wani dogon tawul siriri na lilin da ba a taɓa goge hannu da shi. A bayan ƙofa ake rataye shi don ado. A jikinsa za ka ga tsuntsaye biyu suna fuskantar juna, da furen tulif a tukunya, da taurari, an jera su dama da hagu daidai wa daida, a ƙasa an zare zaren an yi raga da geza. A sama kuma ga cikakken sunan budurwar da shekarar da ta gama. Yayinsa ya fi ƙarfi tsakanin 1820 da 1850, musamman a gidajen Menonayit.

Nan ne darajarsa ga tarihi take. Kafin dokar 1848 da ta ba matar aure a Fensilbaniya ikon riƙe dukiyarta, abin da mace ta shigo da shi yakan koma hannun miji, takardun fili da na haraji kuma sunan namiji suka sani. Da an ɗaura aure sunan gidan ubanta ya ɓace. Tawul ɗin da ta ɗinka tana budurwa shi ya riƙe sunan.

Masaƙa ma sun shiga wannan al'ada. Na'urar da Joseph Marie Jacquard ya ƙera a Faransa a 1804, mai sarrafa zane da kwalaye masu huji, ta iso Amurka a shekarun 1820. Da ita masaƙan karkara suka fara fitar da mayafan gado na ulu da auduga, shuɗi da ja da fari, masu furanni da bishiyoyi. A kusurwa sai su saƙa sunansu, da garinsu, da shekara, da sunan wanda ya ba da aikin. Da yake masaƙar ba ta da faɗi, ƙwarya biyu ake saƙawa a haɗe su a tsakiya, har yau ana ganin ɗinkin.

Yadin auduga na kamfani mai araha shi ya kashe kasuwar. Manoma suka daina shuka filas, kuma bayan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 masaƙan hannu kaɗan suka rage. Mata suka koma ga bargon haɗe-haɗen ƙyalle, wanda a wurin maƙwabtansu 'yan asalin Ingila suka koya, domin kakanninsu da mayafin gashin tsuntsu suke rufa. Matan Amish na Lankasta sun makara wajen karɓarsa, sai wajen ƙarshen ƙarni na 19, suka kuma yi nasu salo: yadin ulu mara zane, launuka masu duhu, da babban murabba'i a karkace a tsakiya.

Tsofaffin kayan suka kwanta a akwati, uwa ta bar wa 'ya, wasu kuma suka watse a gwanjon kayan mamaci, wanda al'ada ce babba a yankin. 'Yan'uwa biyu, Henry da George Landis, sun yi ta bin irin wannan gwanjo suna saye, suka buɗe gidan tarihi a gonarsu a 1925, wanda yanzu ake kira Landis Valley. Bayan baje kolin barguna da gidan zane na Whitney ya yi a Niyok a 1971, attajirai suka fara rububin barguna irin na Amish suna rataye su a bango, farashi ya tashi.

Sai dai kasuwa na raba ƙyalle da labarinsa. Bargon Amish yawanci ba ya ɗauke da cikakken suna, don haka da ya bar gidan da aka ɗinka shi, da wuya a san mai shi. Tawul da mayafi masu suna da shekara kuwa, masu binciken asali kan gwada su da takardar baftisma da rubutun kan kabari, ta haka iyalai da dama suka gano ko 'yar gidan wa ce kakar kakarsu.