Wa Ya Raɗa wa Kogin Suna?

A taswirar da ke rataye a bangon aji akwai jihar Kwara, ga kuma jihar Neja a maƙwabtaka. Yara kan haddace su tare da manyan biranensu, Ilori da Minna, su wuce gaba. Da wuya ka sami malamin da zai tsaya ya gaya musu cewa sunayen nan biyu na kogi ɗaya ne, kogin da ya raba jihohin a Jebba. Kwara shi ne sunan da muka gada kaka da kakanni. Neja kuwa daga littattafan Turawa ya iso mana.

Kogin nan kowa da yadda yake kiransa. A Gini da Mali Joliba ne, Zabarmawa su ce Isa, Yarabawa su ce Oya. Duk da haka an daɗe ana tambayar yara a jarrabawa: wa ya gano kogin Neja? Amsar da ke kawo maki ita ce Mungo Park. To, ranar da Park ya isa bakin kogin a Segu a 1796, birni ya tarar, da jiragen fito cike da jama'a, har sai da ya zauna jiran wanda zai ƙetarar da shi. Mutanen Turai ya gano wa. Idan malami ya ce "gano" ya yi shiru, ya share masunta da 'yan fito da fatake daga tarihin ruwansu.

Abin da ya fi damuna shi ne muna da tamu taswirar, amma yaranmu ba su taɓa sa ta a ido ba. A 1824 wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya sauka Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasashen nan da rubutun Larabci, kuma Kwara aka rubuta a kan kogin. An buga ta a Landan a 1826. Tana da nata kuskuren, domin ta haɗa Kwara da Nilu na Masar. Wannan ma darasi ne: kowace taswira hannun mutum ne ya zana ta, iyakar saninsa da bukatarsa.

Daga sunan kogin ne 'yar jarida Flora Shaw ta fitar da sunan Najeriya a jaridar The Times a 1897. Ita ce ta auri Gwamna Lugga a 1902, shi kuma ya haɗe Arewa da Kudu a 1914. Faransawa suka ɗauki sunan kogin suka sa wa Nijar. Yaron Katsina da na Maraɗi, dangin juna, kowa ya tashi da sunan ƙasar da kakansa bai zaɓa ba.

Sai dai kada mu ɗora wa Bature laifin duka. Mutum-mutumin yumɓun nan da ake kira Nok, sunan ƙauyen da aka fara tono su ne wajen haƙar kuza a 1928, a kudancin Kaduna ta yau. Mutanen wurin suna kiran kansu Ham, mu Hausawa ne muka ce musu Jaba. Haka Gbagyi suka zama Gwari, Bajju suka zama Kaje, Atyap suka zama Katab. Sau da yawa jami'in mulkin mallaka ta bakin tafinta Bahaushe ya ji sunan kafin ya rubuta. Ɗan Bahaushe ya cancanci ya ji wannan daga malaminsa, ya kuma koyi kiran maƙwabcinsa da sunan da yake so.

Malamai, aikin ba ya bukatar kuɗi. Ku tura yara gida su tambayi tsofaffi sunan dutse da rafi da unguwa, da wanda ya raɗa, da dalili. Idan sun dawo, su zana taswirar garinsu da hannunsu, su rubuta kowane wuri da duk sunayen da suka ji.