Barikin Damagaram: Wa Ya Ɗauki Nauyinsa?

A ranar 30 ga Yuli 1899 aka gwabza yaƙin Tirmini, inda rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta sha kashi a hannun sojojin Faransa. Bayan wata biyu da ƴan kwanaki, kyaftin Joalland ya nufi tabkin Cadi, ya bar saje Bouthel da soja kimanin 100 su tsare birni. Daga nan Damagaram ta shiga ciyar da baƙin da ba ta gayyata ba.

Tsayar da bariki abu ne mai cin dukiya, kuma majalisar Faransa ba ta son biya ita kaɗai. Dokar kuɗi ta 13 ga Afrilu 1900 ta raba nauyin gida biyu: kowace ƙasar mallaka ta biya ma'aikatanta da jandarmominta, albashin soja kuwa ya fito daga baitulmalin Faransa, amma gwamnati na da ikon neman gudummawa daga ƙasar har ta kai adadin abin da aka kashe wa sojan da ke cikinta. Saboda haka ƙarin soja ɗaya a Zandar ƙarin lissafi ne tsakanin Faris da gwamna janar na Afirka ta Yamma.

Wata matsalar ita ce hanya. Yarjejeniyar 1898 ta bar wa Ingila da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, har ya zama dole ayarin guzuri daga kogin Kwara ya zaga ta arewa, ta Tawa, inda rijiyoyi ke nesa da juna. Laftanan-kanal Péroz, wanda ya zo riƙon yankin soja na uku a 1901, ya ɗanɗana wannan wahala. Sai da yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gusa da iyaka kudu, sannan Faransawa suka sami hanya mai ruwa ta Ƙonni da Maraɗi.

Duk wannan ciniki an yi shi ne ba tare da mai biya ba. Gero, raƙuma, ƴan dako da lanho, daga talaka suka fito, kuma ta hannun sarki aka karɓe su. Sarki Amadu ɗan Basa ya tsinci kansa tsakanin buƙatar kumandan da kukan jama'arsa. A 1906 aka zarge shi da ƙulla tawaye, aka tuɓe shi, aka kai shi Kodibuwa, aka damƙa riƙo ga Ballama. Gadon sarauta bai koma gidansa ba sai a 1923, da naɗin Barma Mustafa.

Ya ku jama'a, bayan cikar shekara ɗari da wannan naɗi a 2023, mu tuna da manoman da rumbunansu suka ciyar da bariki, alhali ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Allah ya jiƙan magabata, Allah ya ja zamanin Sarki.