Sons of the Caliphate: Da Legas Ta Ɗauki Labarin 'Ya'yan Manyan Arewa

Yau za mu koma baya zuwa 2016, mu tuno wani shiri da yawancinku sunansa kawai kuka ji, wato Sons of the Caliphate.

Tashar EbonyLife TV ce ta kawo shi, tashar Mo Abudu da ke Legas, wadda ta fara aiki a 2013 a kan DStv. Dimbo Atiya ne ya ƙirƙiro labarin, Kenneth Gyang na Jos ya ba da umarni. Shi Gyang ba baƙo ba ne a harkar, don fim ɗinsa Confusion Na Wa ne ya lashe kyautar gwarzon fim ta AMAA a 2013.

Labarin wasu samari uku ne 'ya'yan masu hannu da shuni, Kalifah Maiyaki da Nuhu Bula da Dikko Loko, a wata ƙirƙirarriyar jiha mai suna Kowa. Ga kuɗi, ga sarauta, ga kujerar gwamna da ake ta kokawa a kai, sannan ga shaye-shaye da soyayya da ramuwar gayya. Ka san irin yaran nan da ake tura su karatu waje, su dawo da Turanci a hanci, da rana babbar riga, da dare kuma a gan su inda ba a zata ba? To su aka ɗauko. Yakubu Mohammed ya fito a Dikko, Rahama Sadau a Binta Kutigi, akwai kuma Sani Mu'azu da Paul Sambo da Mofe Duncan.

A nan ne fa abin ya haɗu da wani abin. A farkon Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama daga Kannywood saboda bidiyon waƙar ClassiQ mai suna I Love You, inda aka gan su suna rungumar juna. Ta fito ta ba da haƙuri. A cikin watan nan dai shirin ya fara fita. Ke nan jarumar da aka ce ta bar masana'anta a Kano, ita ce ake gani duk mako a tashar da ake kama wa har ƙasashen waje. Saboda haka mutane da dama ba labarin Kowa suka tattauna ba, Rahama suka tattauna.

Na tuna yadda muka riƙa musu da abokaina a lokacin. Ɗaya ya ce tonon silili ne, 'yan kudu sun sami abin yi mana dariya. Wani ya ce ai ƙarya aka yi? Je ka Maitama ko Asokoro da daddare ka dawo ka ba mu labari. Ni dai a ganina na biyun ya fi kusa da gaskiya. Shekara da shekaru in za a nuna ɗan Arewa a fim ɗin kudu, to maigadi ne mai gurɓataccen Turanci, ko Alhaji mai jakar kuɗi da neman mata. Wannan karon an ba shi ilimi da buri da wayo, har da mugunta irin ta mai hankali. Inda na ga gazawa shi ne talakan Kowa kusan ba ya magana, sai dai a gan shi wajen kamfe yana tafi.

Sai kuma matsalar wa zai kalla. Shirin da Turanci aka yi shi, Hausa jefi-jefi, kuma sai kana biyan kuɗin DStv. Mutumin Fagge ko Tudun Wada a lokacin Daɗin Kowa yake jira a Arewa24, kyauta, da harshensa. Wato waɗanda aka yi labarin a kansu su ne masu halin kallonsa, waɗanda ake mulka kuwa ba su ma san ana yi ba.

An yi zango na biyu, daga baya kuma ya hau Netflix, inda wasu suka fara cin karo da shi. Kafin nan Arewa24 ta fito da Kwana Casa'in a 2019, ta ɗauki rikicin kujerar gwamna a wata ƙirƙirarriyar jiha, Alfawa, ta yi shi da Hausa tsantsa. Shi kam har a teburin mai shayi an yi gardamarsa.