Undertale: Ƙaramin wasan kwamfutar da ya ciri tuta

Undertale wasan kwamfuta ne da wani Ba'amurke, Toby Fox, ya fitar a watan Satumban 2015, ba tare da ɗaurin gindin wani babban kamfani ba.

Shi ne ya rubuta labarin, ya kuma tsara kaɗe-kaɗen da ke ciki.

A shekarar 2013 ya nemi tallafin dala 5,000 daga jama'a ta shafin Kickstarter, amma aka tara masa fiye da dala 51,000.

Yadda wasan yake

Mai wasa kan shiga rigar wani yaro da ya faɗa duniyar dodanni a ƙarƙashin ƙasa, yana neman hanyar komawa gida.

Saɓanin yawancin wasanni irinsa, ana iya kammala shi ba tare da an kashe kowa ba, kuma ƙarshen labarin ya danganta ne da zaɓin mai wasa.

Ra'ayoyin jama'a

Masu sha'awar wasan sun yaba da barkwancinsa da kuma darasin tausayi da ke cikinsa, yayin da wasu suka ce zanensa ya yi kama da na tsofaffin wasanni.

A Disamban 2015, masu ziyartar shafin GameFAQs suka zaɓe shi a matsayin wasan da ya fi kowanne, lamarin da ya fusata wasu magoya bayan wasan Zelda.

Kasuwa

An sayar da fiye da kwafi miliyan 1, kuma daga bisani aka fitar da shi a na'urar PlayStation 4 a 2017, da Nintendo Switch a 2018.