Taswira da Ruwa a Filayen Kiwo na Yammacin Amurka

A gabashin duwatsun Rocky akwai wani shimfiɗaɗɗen tudu mai ciyawa da ƙarancin ruwan sama, wanda ya miƙe daga Nebraska har zuwa arewacin Texas. A shekarar 1820 wani hafsan soja mai suna Stephen Long ya ratsa yankin. Taswirar da ta biyo bayan tafiyarsa ta kira wurin babbar hamada, alhali ƙabilu irin su Cheyenne da Comanche suna zaune a cikinsa, suna farautar ɓauna.

Bayan an kori waɗannan ƙabilu da ƙarfin soja, sai 'yan safiyo suka shigo da wata irin taswira. Bisa dokar 1785, ana yanka ƙasa gida-gida: kowane babban gida mil shida ne tsawo da faɗi, a cikinsa akwai ƙananan gidaje 36, kowanne eka 640. Dokar 1862 ta ba mai son zama rubu'in ƙaramin gida, wato eka 160. Layukan sun miƙe sak, ba ruwansu da inda ƙorama take.

Nan matsalar take. Eka 160 tana ciyar da iyali a inda damina ke da albarka, amma a busasshen fili ba ta riƙe garke. A 1878 John Wesley Powell ya ba da shawarar a riƙa ba makiyayi eka 2,560, kuma iyakoki su bi hanyar ruwa. Majalisa ba ta karɓa ba. Masu manyan garkuna kuwa sun gane sirrin: wanda ya mallaki gidajen da ke bakin rafi, ciyawar da ke bayansu ta zama tasa ko da bai saya ba. Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya sami rajistarta a 1874, ta mayar da layin takarda shinge, burtalai suka toshe.

Sai a 1904 aka ƙara rabon zuwa eka 640 a yammacin Nebraska. A wasu sassan kuwa aka ci gaba da nome ciyawar, har fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka tashi dubban iyalai daga gonakinsu.

Saboda haka mai duba waɗannan tsofaffin taswirori ya fara neman rafi da rijiya, sannan ya karanta sunayen da aka rubuta kusa da su. A nan zai ga wanda ƙasar ta zama tasa.